Mutanen Hafizu

Gaya,
Litinin.

Zuwa ga ƙawata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan naki, ya aikin asibiti, ya ruwan Legas da ba ya gajiya? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau, irin wadda ake faɗa wa mai gaisuwa.

Kada ki yi dariyar rubutuna, aji huɗu na yi aka ce ya isa. Kin ce in riƙa kiran ki a waya, kin kuwa ji yadda muka ƙare. Da na zo kan sunan Hafizu sai murya ta ƙi. Takarda ba ta jin rawar murya, shi ya sa zan riƙa ba Mudassir direba yana kawo miki.

To ƙawata, ƙanen naki ya yi mini sakin wulaƙanci. Ya taso daga Zariya ya ce in dama masa fura, mota ta kife da su, furar ta kwana a ƙwarya. Tun yana rarrafe nake kiran sa mijina yana kira na amarya, amma masu zuwa gaisuwa sai su wuce ƙofata su nufi ɗakin mamanku. Ba wanda ya ce in shiga takaba. Ya sha yi mini alkawarin ranar da na mutu shi zai ɗaura zanena, ya ɗauki sandata, ya bi tsakar gida yana ɗingishi irin nawa, ba za a huta ba sai an biya shi kuɗin jika. Har gwaji yana yi a gabana. Ga shi ni ce zaune da sandar.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, abokinsa Anas ya kawo kayansa daga makaranta. A ciki har da wannan faffaɗar jakar, mai littafin da yake zanawa na kammala karatu. Kin san shi, labarin Yahudawan da aka yi wa kisan ƙare dangi a yaƙin Hitila. Wanda nake ce masa an tura shi jami'a ya dawo yana katun ɗin yara, shi kuma ya ce in zauna in daina motsi yana zana hancina.

Babanku bai taɓa duba aikin nan ba, tun da dama ba da son ransa aka karanta zane ba. Ran nan ya buɗe jakar a tsakar gida, ya ɗaga takarda biyu uku. Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, Inna, kin ga yawan fuskokin nan? Ranar tsayuwa za a ce wa mai zana abu mai rai ya hura masa rai, yaron nan da me zai hura wa jama'a haka? Ya ce da zarar an yi addu'ar arba'in baƙi sun watse, zai ƙona su, ya sauke wa ɗansa kaya.

Mamanku kuwa, kin san Karimatu. Ta shiga madafi ta daɗe tana hura wutar da ta riga ta kama.

Ni kam ina tsoron abin da yake tsoro. Amma takardun nan har yanzu ƙamshin man kan Hafizu suke yi.

Ki gaishe da maigidan, ki ce masa har yanzu ban ga goron da ya yi mini alkawari ba.

Kakarki,
Hure.

Toranke,
Alhamis.

Ƙawata Hamdiyya,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan ke da mutanen gidan kuna cikin ƙoshin lafiya. Kakanki Malam Tukur da matarsa Hansai suna gaishe ki.

Kin ga daga inda nake rubutu, to ki sani kakarki ta zama ɓarauniya da tsufanta. Washegarin addu'a na ce zan zo nan gidan ƙanena in sha iska. Na shimfiɗa jakar a cikin tabarmar sallata da bargo, na ɗaure da igiya, na ɗora ƙullin kuka a kai. Babanku da kansa ya ɗora mini kayan a mota, har yana cewa bargon nan nawa ya yi nauyi. Na ce masa na zamanin da ne, ba irin naku ba. Allah ya yafe mini.

Tun da na zo nake karatu. Da hantsi in Hansai ta tafi surfe, sai in baje takardun a kan gado. Kowace takarda ya raba ta gida-gida kamar na dara, a kowane gida abu na faruwa, maganar mutane kuma tana fitowa daga bakinsu cikin wani abu kamar balan-balan. Da Hausa ya rubuta, amma ko da bai rubuta komai ba da na gane. Duk baƙin tawada ne. Launi ɗaya ne kawai a littafin, ruwan ɗorawa, na tauraron da aka tilasta musu ɗinkawa a ƙirjin riga don a gane su a hanya.

Bari in ba ki labarin yadda na fahimce shi. Wani mai gidan burodi ne a wani gari mai sanyi, da matarsa, da ɗansa ƙarami, da tsohuwarsa. Tsohuwar nan ni ce. Ya share mini tsagena, ya ɗaura mini ɗankwali irin nasu, amma wushiryar tawa ce, da yadda nake kama kunne in ana magana. Bai ko rage mini shekara ɗaya ba, mara kunya. Da farko ana cin abinci ana tsokanar juna. Sai aka hana a sayi burodinsu. Sai maƙwabcin da suke ba wa bashi ya daina amsa gaisuwarsu. Sai aka kori yaron daga makaranta. Hamdiyya, a hankali abin yake zuwa, gida bayan gida, kina kallo kina cewa su tashi su gudu mana, sai ki tuna ke ma da ba za ki bar ɗakinki ba.

Daga nan sojoji suka zo suka kwashi tsohuwar da matar, aka cusa su a tarago irin na shanu. Akwai takarda guda da bai raba ta gida-gida ba, ya bar ta sukutum, babu mutum ko ɗaya a ciki, tsibin takalma ne kawai. Na daɗe ina dubawa kafin na gano nawa a gefe, mai karkataccen dunduniya. Ranar ban ci tuwo ba.

Na tuna wata rana na ce masa, kai yanzu kisan bayin Allah ne za ka mayar katun? Ya ce ai malaminsa ma haka ya fara ce masa, sai da ya kawo masa littattafai irin wannan da aka yi a wasu ƙasashe. Ya ce, amarya, in na ce miki mutum miliyan shida, me kika gani? Na ce ban ga komai ba, ni ko dubu ban taɓa gani a tsaye ba. Ya ce hoton gawarwaki kuma kawar da kai ake yi. Amma in ya zaunar da ni a gidan mutum ɗaya na ci burodinsa, to in aka zo tafiya da shi sai na ji a jikina. Na ce ya cika surutu, ya tashi ya ɗebo mini ruwa. Ashe gaskiya yaron yake faɗa.

Hansai ta kama ni shekaranjiya. Ta leƙa ta ce, Yaya, me ya haɗa ɗan Gaya da Yahudawa, ba ki ga abin da ake nuna mana a waya na yaran Falasɗinu ba? Na ce na gani, na yi kuka, gobe ma zan yi. Na nuna mata ɗan mai burodin na ce wannan fa, wa ya jefa? Ta zauna za ta duba takarda ɗaya, sai da gero ya bushe mata a turmi. Hafizu ya ce mini in ya gama wannan, na yaran can zai yi. Allah bai nufa ba.

Kin ce a waya in sa a ɗauki hoton kowace takarda a turo miki kafin wani abu ya faru. Akwai masu manyan wayoyi a nan, amma ba zan yi ba, ki yi haƙuri. In abin da babanku yake tsoro haka yake, to fuska ɗari in ta shiga waya ta zama dubu, ni ce na ƙara wa mijina kaya. Sata na iya, wannan ban iya ba. Ki yi ta fushinki, na saba da kumburin bakin nan tun kina goye.

Taki,
Hure.

Toranke,
Lahadi.

Hamdiyya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji an ce kin yi zazzaɓi. Ma'aikaciyar asibiti da ciwo, abin kunya. Allah ya ƙara sauƙi.

An kama ɓarauniya. Jiya da safe ina tsince wake na ji tsayuwar babur, sai na ji gyaran murya sau biyu a zaure. Kin san babanku, ko gidansa ba ya shiga sai ya yi wannan gyaran muryar, har kuna yara in kun ji ta kuke rugawa ku ɓoye abin da kuke ɓarna. Ni da na haife shi sai ga ni ina tura jaka ƙarƙashin gado da ƙafa.

Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, ya tambayi damina. Bai ce mini ina kaza ba. Ya dai ce, Inna, bargon nan na zamanin da, ko an gama shanya shi? Na ce kai dai ka gaji wayo a wurin uwarka.

Suka zauna da kawunsa a zaure, aka kira ni. Malam Tukur ya saurare shi har ya gama. Ya ce tsoronsa yana kan hanya, kuma malamai sun yi maganganu a kan zane, ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba, shi ba zai yanke wa Allah hukunci a kan yaron da ya sani da salla ba. Amma ya ce akwai abin da suka taras ana yi. In aka ja layi a wuyan abin da aka zana, aka raba kai da gangar jiki, to wasu na ganin ya tashi daga siffar mai rai. Ya ce in hakan zai kwantar masa da hankali, ba sai an kai ga wuta ba.

Ƙawata, na yi murna. Har na ce a yanka wa baƙo zakara. A raina na ce na ci nasara, littafin mijina ya tsira. Ban tsaya na auna abin da ake nufi ba sai da na ga babanku ya zaro jan biro daga aljihu, irin wanda yake sa hannu da shi a sakatariya, ya aika aka aro masa rula a maƙwabta.

Ya shimfiɗa takarda ta farko a kan faifai. Mai burodi ne yana dariya, gari a goshinsa. Ya yi bisimilla, ya ɗora rula a wuyansa, ya ja.

Ban san haka jan biro yake a kan farar takarda ba.

Ya bi matar, ya bi masu sayen burodi, har da jaririn da ke hannun wata a bakin tanda. Yana yi a tsanake, yadda yake komai, ba ya tsallake kowa. Da ya iso kan sojoji na ce yawwa, waɗannan ka danna sosai. Bai yi dariya ba. Da ya iso kan tsohuwar, ya ɗago ya dube ni, ya sake duban takardar. Na ce masa ja a hankali, wuyan ya tsufa. Na ɗauka zai tsallake ni. Ya rufe ido ya ja, layin ya karkace.

Na tashi na shiga bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo gawa. Mutanen nan an kashe su sau ɗaya tun kafin a haife ni. Yaro ya shekara biyu yana tsamo su ɗaya bayan ɗaya yana mayar musu da fuska. Ga shi a zauren ƙanena, da yardata, ana bin su da jan layi a maƙogwaro. Kuma mai yin ba mugu ba ne, Hamdiyya, wannan ne ya fi ci mini rai. Uba ne yake ƙoƙarin ɗauke wa ɗansa wuta da abin da ya iya.

Da na sani da na bari an ɗauki hoton nan da kika ce. Ko da ban bari ba? Wallahi har yanzu ban sani ba.

Abu ɗaya na lura. Ba a jan layi a wuyan mutum sai an dube shi. Wajen la'asar na ga hannun ya rage sauri, leɓensa yana motsi, ashe karanta balan-balan ɗin yake. A takardar takalma babu wuyan da zai ja, amma ya fi daɗewa a kanta. Ya ce zai dawo Asabar ya ƙarasa. Ya bar jakar a wurina, bai ko ce in rantse ba.

Zakaran yana nan, ba wanda ya ci.

Kakarki,
Hure.

Gaya,
Talata.

Ƙawata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki ya yi ƙwari. Na dawo gida, mamanku tana gaishe ki. Tare da wannan takarda Mudassir zai ba ki jakar. Ki zauna kafin ki buɗe.

Akwai abin da ban gaya miki ba game da ƙarshen littafin, don ban so ki ji a bakina. Hafizu bai gama ba. Bayan an tafi da matan, mai burodi ya ji ana bi gida-gida. Sai ya ɗauki ɗansa ya sa shi a wani lungu a bayan buhunan fulawa, ya ba shi burodi da gorar ruwa. Ya ce masa kome ya ji kada ya fito, ko an kira sunansa, ko an ce babansa ne ya aiko, sai in ya ji gyaran muryarsa sau biyu a bakin ƙofa. Tun farkon littafin haka mai burodin nan yake shiga gida. Kin san inda ƙanenki ya samo wannan.

Zane na ƙarshe, yaron ne shi kaɗai a tsugune, ya manna kunne a jikin buhu. Daga nan sai takardu masu gidaje da aka ja da fensir, babu kowa a ciki.

Ran Asabar babanku ya zo da wuri. Ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ni ina gefe ina ɓare gyaɗar da ba wanda ya sa ni. Ya ja wa mai burodi layi a duk inda ya fito. Yaron ma ya sha ja a takardun baya, tun yana wasa a bakin tanda. Sai da rana ta take ya iso inda uban yake tura buhu yana ba da umarni. Na ga ya karanta, ya koma baya ya sake karantawa. Ya ja musu layin, su biyu. Sannan ya juya zuwa ta ƙarshe.

Ya ɗora rula a wuyan yaron. Ya daɗe a haka. Ya ɗaga takardar ya duba ta ƙasa, ya duba ta ƙasanta, ya bi su duka har ƙarshe yana neman inda uban ya dawo. Ya juyo ya ce, Inna, ke da ya zauna a ɗakinki yana yi, bai faɗa miki ko an zo an fito da shi ba? Na ce na tambaye shi, ya ce amarya ba ta da haƙuri, in jira.

Ya mayar da ido kan yaron. Sai na ji ya yi gyaran murya.

Na ɗauka wani abu ne ya tsaya masa a wuya, har na miƙa hannu ga moɗa. Sai ya sake yi, na biyu, daidai yadda yake yi a zaure. Ya tsaya yana kallon takardar, kamar mai jira. Hamdiyya, ni ma jira nake. Tsohuwa da furfurata, na saki gyaɗa ina kallon buhunan nan ko za su motsa.

Ban taɓa ganin kukan babanku ba tun da ya yi kaciya. Malam Tukur ya tashi ya ja mana ƙyauren zaure.

Da ya natsu ya rufe biron ya mayar aljihu. Ya ce wannan ɗaya ba zai iya ba. Ya ce in an zo tambaya a kansa, a tambaye shi, shi ne ya gani ya bari, Allah kuma ya san abin da yaronsa ya nufa. Ya haɗa takardun da kansa ya ce a kai miki, ki yi magana da Anas da malamin nasu, in suna ganin zai amfani wani a haka, shi ba zai hana ba. Ban sani ba ko akwai mai son littafin da aka yi wa haka. In sun ce a goge jan, ke kika sani. Ni dai a ganina a bar shi, shi ma ya zama cikin labarin.

Na san halinki, za ki ce tun da ni ce uwar tatsuniya a gidan nan, in faɗa miki yadda za a cike gidajen da suka rage. Kada ki tambaye ni. Na kwana biyu ina gwadawa. Ni da nake fito da yarinya daga cikin dodo da ranta don kada ku yi kuka, na kasa fito da yaron nan. In na ce uban ya dawo, na yi wa mutanen can ƙarya, don da yawansu ba su dawo ba. In na ce bai dawo ba, bakina ba zai iya ba. Ki bar gidajen yadda mai su ya bar su.

Jiya da babanku ya dawo daga aiki, na ji tsayuwar babur, na kasa kunne. Sallama kawai ya yi ya shigo.

Ki riƙe jakar nesa da danshin garinku. In kin zo kan tsohuwar kada ki tsorata, layin nata a karkace yake, bai kama wuyan sosai ba. Ki gaishe da maigidan, ki ce na yafe goron.

Wassalam.

Kakarki Hure,
bazawarar Hafizu.